Yadda Ake Ziyartar Keluz, Garin Fadar Sarakunan Fotugal da Lambunanta

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Lisbon, babban birnin Fotugal, zuwa Sintra, garin tsofaffin fadoji, kullum maƙil yake da 'yan yawon buɗe ido, kuma kusan dukkansu sai ƙarshen layi suke sauka. A tsakiyar hanya jirgin yana tsayawa a wata tasha, ma'aikata da 'yan makaranta su sauka, baƙi kuwa ko ɗaga kai ba sa yi. Wannan tashar ita ce ta Keluz, wanda a allunan hanya za ka ga an rubuta Queluz. Tafiyar kusan minti 15 a ƙasa daga nan akwai fadar da gidan sarautar Fotugal ya zauna daga 1794 zuwa 1807, da lambuna masu faɗin kimanin hekta 16. Shawarata ga duk wanda Allah ya kai Lisbon ita ce ya ware wa wannan gari rabin yini nasa na kansa, kada ya maƙala shi a gefen wata tafiya. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Takardu da lokacin zuwa

Fotugal tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza guda, don haka mai fasfon Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan sai da biza. Bizar gajeren zama tana ba ka damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Kuɗinta ga babba Yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024. Za a nemi inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki, kuma fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka baro Turai. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiya, to kada ka bari sai ƙurarren lokaci. Fotugal tana da ofishin jakadanci a Abuja. Wanda kuma yake zaune a wata ƙasar Shengen da takardar zama, ko yake riƙe da bizar Shengen mai aiki, ba ya buƙatar wata sabuwa.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Afrilu zuwa Yuni, sai Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta akwai rana da cunkoso. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama ne da iska mai sanyi, rana kuma tana faɗuwa da wuri, a Disamba jim kaɗan bayan ƙarfe 5 na yamma. Tunda rabin daɗin Keluz a waje yake, ranar ruwa asara ce. Agogonsu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai yake da na Kano da Yamai. Sauran watannin suna bayanmu da awa ɗaya.

Mataki na 2: Hawa jirgin

Daga tsakiyar Lisbon ka nufi tashar Rossio. Ginin ba ya ɓata, yana da manyan ƙofofi biyu masu siffar kofaton doki. Dandalin hawa jirgi yana can sama, sai ka hau matakalar lantarki. Idan kuma daga filin jirgin sama kake, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na jan layi, tasha uku ka sauka a Oriente, nan ma akwai jiragen Sintra da ke bi ta Keluz.

A na'urar sayar da tikiti, wadda za ka iya juya ta zuwa Turanci ko Faransanci, ka sayi katin takarda da ake kira Navegante. Katin kansa rabin Yuro ne, kuma kowane mutum da nasa, ba a tarayya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zuba masa kuɗi ta tsarin da suke kira zapping, domin da shi za ka hau jirgin ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa da bas ba tare da sake bin layi ba. Kafin ka shiga ka ɗora katin a kan na'urar ƙofa ta karanta. Masu duba tikiti suna zagayawa, tarar kuma ba ƙarama ba ce.

Daga Rossio jirgin zai shiga dogon rami, ya fito Campolide, sai Benfica, Santa Cruz-Damaia, Reboleira, Amadora, sannan Queluz-Belas. Nan za ka sauka. Tafiyar ba ta kai minti 20 ba. Wannan layi na mutanen gari ne masu zuwa aiki, kuma za ka ga baƙar fata da yawa, 'yan asalin Kef Bad da Angola da Gini Bisau, cikinsu har da Fulani da Mandinka masu doguwar riga da hula. Ka riƙe jakarka ta gaba, kada ka sa waya a aljihun baya; masu yankan aljihu sun san jirgin baƙi ne.

Da ka fito daga tasha za ka ga gari ne na talakawa da ma'aikata, gidajen bene na haya, shagunan burodi, wuraren aski. Kada wannan ya sa ka zaci ka yi ɓatan kai. Ka bi allunan da aka rubuta Palácio, ko ka buɗe taswirar wayarka. Hanyar gangara ce mai sauƙi, nisanta kusan kilomita ɗaya. Gefen titunan an shimfiɗa su da ƙananan fararen duwatsu masu santsi idan sun jiƙe, saboda haka takalmi mai riƙe ƙasa ya fi takalmin ado. Mai tafe da tsoho ko ƙananan yara ya ɗauki tasi a bakin tasha.

Mataki na 3: Ka tsaya a dandali tukuna

Yawancin mutane da sun iso sai su doshi ƙofa. Ka ɗan dakata. A tsakiyar dandalin akwai mutum-mutumin Sarauniya Mariya ta Ɗaya, kewaye da wasu guda huɗu da ke wakiltar Turai, Asiya, Afirka da Amurka, wato nahiyoyin da Fotugal take da mallaka a cikinsu a zamaninta. A tsallake akwai hasumiyar agogo, wadda a da masu hidimar fada ke kwana a gininta, yanzu kuma otal ce. Fadar kanta daga nan ba ta da wani kwarjini: doguwa ce a kwance, ba tsayi. Kyakkyawar fuskarta tana ta ciki, tana kallon lambu. Idan ka taɓa ganin tsofaffin hotunanta da launin hoda, kada ka yi mamaki. A 'yan shekarun nan an mai da bangon zuwa shuɗin da bincike ya nuna shi ne na asali.

A nan ya kamata ka riƙe labarin gidan a ka, domin ɗakunan ba za su yi maka magana ba in ba ka san masu su ba. Filin asali na wani babban basarake ne, Markis na Castelo Rodrigo, wanda ya goyi bayan Sifaniya. Da Fotugal ta ƙwace 'yancinta a 1640 sai aka karɓe dukiyarsa, a 1654 kuma Sarki Juwawu na Huɗu ya sa ta cikin kadarorin da aka ware wa ɗan sarki na biyu, wanda ba shi ne magaji ba. Ta haka ta faɗo hannun Yarima Pedro, ƙanin Sarki Juze. A 1747 ya sa magini Mateus Vicente de Oliveira ya fara mai da tsohon gidan gona fadar hutun bazara.

Ana cikin aiki, ranar 1 ga Nuwamban 1755, girgizar ƙasa da ambaliyar teku da gobara suka rusa Lisbon. Aka janye maginin zuwa aikin sake gina birni, wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Robillon ya karɓi ragama. A 1760 Pedro ya auri Mariya, 'yar wansa kuma magajiyar sarauta, irin auren da gidajen sarautar Turai ke yi a lokacin don kada mulki ya fita gida. Daga nan gidan hutu ya koma gidan mai jiran gado, aka ƙara masa manyan zauruka. Mariya ta hau karaga a 1777.

Mataki na 4: Tikiti

Kamfanin Parques de Sintra ne ke kula da fadar tun 2012. Ana buɗewa da ƙarfe 9 na safe, a rufe fadar da ƙarfe 6 na yamma, kuma ana daina shigar da mutane kafin nan. Akwai tikitin fada da lambu a haɗe, akwai na lambu kaɗai. Ka sayi na haɗe. Farashi yana canzawa, sai ka duba shafinsu na intanet daren da za ka tafi, kana iya ma saya a can ka nuna a waya. Yara da tsofaffi suna da ragi. Ka yi ƙoƙari ka isa kafin ƙarfe 10, lokacin motocin 'yan makaranta da na rukunin baƙi ba su iso ba.

Mataki na 5: Cikin fada, ɗaki bayan ɗaki

Hanya ɗaya ce ake bi, ɗaki yana buɗewa cikin ɗaki kamar sorayen gidan sarki, ba za ka ɓata ba. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa. Ba a taɓa kaya, ba a kunna fitilar kyamara.

Zauren karaga shi ne mafi girma, kuma da shi ake fara cin karo. Bango fari, sassaƙen katako da aka shafe da ruwan zinariya, madubai a jere suna fuskantar ƙofofin gilashi da ke kallon lambu. Ka tsaya a tsakiya ka juya a hankali. Dabarar ita ce madubin ya ɗauko koren lambu da hasken rana ya shigo da su ciki, da dare kuma ya ninka hasken kyandir. Nan ake raye-raye da liyafa a zamanin Pedro. Kusa da shi akwai zauren kiɗa, wanda aka gama a 1759, da babban hoton Mariya a bango. Har yau ana shirya kiɗe-kiɗe a waɗannan zauruka biyu. Sai ƙaramar coci ta cikin gida, wadda tana cikin sassan da aka fara kammalawa.

Daga nan za ka ratsa jerin ƙananan ɗakunan 'ya'yan sarki, na kwana, na cin abinci, na shan taba. Waɗannan ka wuce su da ɗan sauri, sai dai idan kai mai sha'awar tangaran da kujeru ne. A 1934 gobara ta ci wani babban sashe na fadar, don haka wasu abubuwan da za ka gani gyara ne na baya.

Inda nake so ka rage sauri shi ne dogon barandar tayil, wanda suke kira Corredor das Mangas. An lulluɓe bangonsa da tayil mai zane na 1784, shuɗi da ɗorawa da kore. Ka matsa kusa. Akwai yanayin shekara guda huɗu, akwai nahiyoyi, akwai mafarauta da karnukansu, akwai birai da tsuntsaye da mutane cikin kayan Sinawa kamar yadda mai zanen ya ƙiyasta su. Kowane murabba'i da hannu aka zana shi kafin a gasa, shi ya sa in ka lura za ka ga inda layin wani bai haɗu daidai da na maƙwabcinsa ba, ko inda shuɗin ya ɗan malala. Sana'ar ado da tayil ta shigo wannan yanki ne ta hannun Musulmin Andalus, Fotugisawa suka karɓe ta suka mai da ita abin zana labari.

Zauren jakadu yana da daɓen marmara fari da baƙi. Ka ɗaga kai: a silin an zana iyalan sarki suna sauraren kiɗa. Akwai wuraren karaga biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, ɗaya na masu mulki ɗaya na magada. A zamanin Yarima Juwawu, ɗan Mariya, nan jakadun ƙasashe ke zuwa gaisuwa.

Yadda aka yi Juwawu ya riƙe mulki labari ne mai ban tausayi. Pedro ya rasu a 1786. Bayan shekara biyu babban ɗansu Juze, magajin sarauta, ya mutu da cutar agana. Labarin juyin juya halin Faransa na 1789 ya ƙara tayar wa sarauniya da hankali, zuwa 1792 likitoci suka tabbatar ba za ta iya mulki ba saboda taɓin hankali. Ɗanta Juwawu ya karɓi riƙo. A 1794 gobara ta cinye fadar katako ta Ajuda, wadda aka gina bayan girgizar ƙasa saboda Sarki Juze, mahaifin Mariya, ya ƙi sake kwana a ƙarƙashin ginin dutse, sai duk gidan sarauta ya tattaro ya dawo Keluz. Gidan da aka gina don kiɗa da wasan wuta ya zama inda ake jinyar sarauniya a ɓoye.

Ɗaki na ƙarshe da za ka daɗe a ciki shi ne wanda ake kira ɗakin Don Quixote, saboda zanen da ke bangonsa an ɗauko shi daga wancan tsohon labarin Sifaniyawa. Da ka shiga za ka rantse ɗakin zagayayye ne. Ka dubi kusurwoyi: murabba'i ne. Ginshiƙai takwas da suka tokare silin mai ƙubba, da zanen katakon daɓe mai da'ira, su ne ke yaudarar ido. A wannan ɗaki aka haifi Pedro ɗan Juwawu ranar 12 ga Oktoban 1798. Shi ne ya ayyana 'yancin Birazil ranar 7 ga Satumban 1822 ya zama sarkinta na farko, daga baya ya dawo ya yi yaƙin basasa da ƙaninsa Migel don ɗora 'yarsa a karaga bisa tsarin mulki. Ya ci yaƙin a 1834, amma tarin fuka ya riga ya cinye shi. Ranar 24 ga Satumba na shekarar ya rasu a ɗakin da aka haife shi, yana da shekara 35.

Mataki na 6: Ka san inda zinariyar ta fito

Wannan matakin ba a rubuce yake a jikin tikiti ba, amma ni a wurina ziyarar ba ta cika sai da shi. Arzikin da Fotugal ta yi ta gine-gine da shi a ƙarni na 18 ya dogara ne ƙwarai a kan zinariya da lu'ulu'un yankin Minas Gerais na Birazil da sukarin ƙasar, kuma bayi 'yan Afirka ne suka haƙa, suka noma. Fiye da mutum miliyan 4 aka sauke a Birazil daga Afirka, ƙasar kuma ba ta haramta bauta ba sai 1888.

Akwai namu a cikinsu. Bayan ɓarkewar yaƙe-yaƙen jihadi a ƙasar Hausa a 1804, fursunoni da yawa aka gangara da su bakin teku aka sayar, jiragen ruwa suka kai su yankin Bahia na Birazil. A watan Mayun 1807, lokacin da Yarima Juwawu yake mulkin Birazil daga nesa, bayi Hausawa a Salvador, babban birnin Bahia, suka shirya tawaye da niyyar ƙwace jiragen ruwa su koma gida. Aka tona asirinsu kafin ranar, aka hukunta shugabannin. Hausawa sun sake tashi a 1809 da 1814. A ƙarshen Nuwamban 1807 ɗin nan, da sojojin Napoleon ƙarƙashin Janar Junot suka doshi Lisbon, gidan sarauta gaba ɗaya ya bar Keluz ya shiga jiragen ruwa da rakiyar sojan ruwan Ingila, har da sarauniya marar lafiya. Tashar farko da Juwawu ya sauka a Birazil, a Janairun 1808, ita ce Salvador. Mariya ba ta sake ganin Keluz ba, a Rio ta rasu a 1816.

Ka ji daɗin aikin masassaƙa, domin aiki ne na gwanaye. Amma idan da yara kake tafe, ka faɗa musu wannan sashen ma a gaban madubin, su san kakanninmu suna cikin labarin gidan.

Mataki na 7: Lambu, kuma kada ka yi masa rowar lokaci

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su ƙarar da ƙarfinsu a ciki, su leƙa lambun farko su ɗauki hoto su tafi. Ka ware masa aƙalla awa ɗaya da rabi, ka riƙe gorar ruwa da hula.

Na farko su ne lambuna biyu na sama, waɗanda ke manne da fada. Lambun Malta yana gaban zauren karaga, an sa masa sunan ne saboda muƙamin da Pedro ya riƙe a ƙungiyar mayaƙan Malta. Na kusa da shi ana ce masa lambun rataye, domin a kan wata babbar ma'ajiyar ruwa aka gina shi. An aske gajerun shingayen ganye an fitar da zane da su, ga tafkuna masu feshin ruwa a tsakiya. Ka taka har ƙarshensa sannan ka juyo: daga nan ne ake ganin ainihin fuskar fadar, kuma nan ne wurin hoto. Da yawa daga mutum-mutumin da ke wurin na dalma ne, an yo odarsu daga shagon John Cheere a Landan a tsakiyar shekarun 1750. Na gumakan tatsuniyoyin Girka da Rum ne, kuma wasunsu ba tufafi a jikinsu. Mai zuwa da iyali ya san da haka tun daga gida.

Ka fita ta ƙofar da mahaya dawakai biyu na dutse ke gadi, ka shiga babban lambu, inda dogayen hanyoyi ke ratsa bishiyoyi suna haɗuwa a ƙananan tafkuna. Miƙaƙƙiyar hanyar tana kai ka ga babbar magangarar ruwa ta dutse. Za ka riƙa jin ƙugin motoci ta wannan ɓangaren, domin babbar hanyar Lisbon zuwa Sintra ta bi ta bayan katanga.

Abin da ya fi komai a lambun yana ta yamma, ƙasan sashen Robillon. Ka sauka ta matakalar zakuna, wadda aka yi ta a fiffike tana buɗewa yayin da take gangara. A ƙarƙashin ginin akwai kejin da aka taɓa ajiye namun daji. Gaba kaɗan sai ga magudanar tayil. Rafin Jamor ne ya ratsa lambun, aka gina masa bango hagu da dama na tsawon mita 115, aka lulluɓe bangon ciki da waje da dubban tayil. Na ciki shuɗi da fari ne, an zana tashoshin jiragen ruwa, da masunta, da hasumiyoyi a bakin teku. Yawancin lokaci ruwan ɗan kaɗan ne yake bin tsakiya, za ka ga zanen har ƙasa. A zamanin sarauta akan rufe makarin ruwa a ƙarshen magudanar, ruwa ya taru ya cika, iyalan sarki su shiga kwalekwale suna kai da kawowa, makaɗa suna busa a wani ɗaki da ke kan gada. An zana tayil ɗin ne don wanda ke zaune cikin kwalekwale, saboda haka ka ɗan rusuna a bakin bango ka kalle shi ta tsawo, ka ga yadda tashoshin ke bin juna. Ka bi gefe ɗaya ka haye gada ka dawo ta ɗayan.

Daga can ƙarshen lambu akwai lambun tsirrai da aka kafa tsakanin 1769 da 1780. Ambaliyar rafin da sakaci sun lalata shi, aka sake gina shi bisa tsohon tsari, aikin har ya ci kyautar Europa Nostra ta adana kayan tarihin Turai a 2018. A ɗakunan gilashinsa an dawo da noman abarba, wadda a wancan zamani abincin teburin sarki ce a Turai.

Mai son doki ya buɗe ido. Makarantar hawan doki ta gargajiyar Fotugal a cikin wannan lambu take da bargarta. Dawakanta jinsin Lusitano ne daga garken Alter Real da Sarki Juwawu na Biyar ya kafa a 1748, jajaye masu baƙin geza da baƙar jela. In ka yi sa'a ka gan su a fili. Wasan da ake yi wa jama'a, inda mahaya ke sa kayan ƙarni na 18, a unguwar Belém ta Lisbon ake yinsa, a filin Henrique Calado, da tikitinsa daban. Wani sashe na fadar kuma, wanda ake kira sashen Dona Mariya, ba a shiga: tun 1957 nan ake sauke shugabannin ƙasashe baƙin gwamnati, kuma Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta sauka a nan a shekarar.

Mataki na 8: Abinci da salla

Akwai wurin shan shayi a cikin fadar, tsohon ɗakin girkin sarki kuma an mai da shi gidan abinci mai tsada. Ƙananan gidajen abinci na cikin gari sun fi araha, musamman abincin rana da suke rubutawa a allo a bakin ƙofa. In kai Musulmi ne ka haddace waɗannan kalmomi, domin naman alade yana shiga girkinsu ta inda ba ka zata ba: porco shi ne alade, presunto da fiambre da chouriço duk daga gare shi ake yi, banha kitsensa ne, vinho kuma giya. Burodin da ake kira bifana da naman alade ake cika shi, miyar ganyen nan caldo verde ma ana jefa mata yankan chouriço. Mafita ita ce gasasshen kifi da dankali da ganye, ko kifin gishirin da suke kira bacalhau, ka kuma tambaya ko an sa giya a girkin. Burodi da zaitun da cukwi da ake ajiye maka kafin ka yi oda ba kyauta ba ne; abin da ka ci za a sa a lissafi, wanda ba ka so ka ce a ɗauke. Ruwan famfo ana sha.

Kada ka sa ran masallaci a cikin fadar. Ka fito da alwala da ƙaramar darduma, alƙibla tana gabas ta ɗan karkata kudu kaɗan. Babban masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa da Praça de Espanha. Naman halal kuwa sai unguwar Martim Moniz, musamman titin Benformoso, inda 'yan Bangaladash da Pakistan ke da shaguna da gidajen abinci. Daga tashar Rossio tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna. Wanda ya isa Keluz da ƙarfe 9 da rabi zai iya gamawa wajen ƙarfe 1, ya dawo Lisbon ya yi azahar ya ci abinci hankali kwance.

Mataki na 9: A zarce Sintra ko a dawo?

Daga Queluz-Belas zuwa Sintra minti ashirin da 'yan kai ne a layi ɗaya, shi ya sa mutane ke kwaɗayin haɗa su a yini guda. Ana iya yi, amma da sharaɗi: wuri ɗaya tak za ka gani a Sintra da yamma. Mafi dacewa shi ne tsohuwar fadar tsakiyar gari mai manyan bututun hayaƙi biyu farare, domin ana isa gare ta da ƙafa daga tasha. Fadar Pena mai launin ja da ɗorawa da ganuwar Musulmi, wadda aka gina tun kafin Kiristoci su karɓe yankin a 1147, suna can ƙololuwar dutse. Sai an jira bas mai lamba 434, Pena kuma tikitinta mai ƙayyadadden lokacin shiga ne, in ka makara ya tashi a banza. Waɗannan biyun ka ba su wata ranar, ka fito da sassafe.

Jiragen komawa Lisbon suna wucewa akai-akai har dare. Kafin ka hau ka dubi allo: wani Rossio za shi, wani Oriente. Idan masaukinka a tsakiyar gari yake, na Rossio za ka jira.